Samowa da Banuwatu: wa zai taka ya je gidan wani?

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun ranar da muka yi hirar 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 da suka je gasar kurket ta duniya a Maleshiya a Janairun 2025 nake son buɗe wannan zance. Kowa yana tuna yadda suka doke Niyu Zilan da maki 2 a Kuching, amma an manta da wasansu na farko wanda ruwan sama ya hana a buga. Da Samowa aka haɗa su. Ranar na ji mutane suna tambayar ina ne kuma Samowa, ni ma sai na shiga bin diddigi, har yau kuma ban daina ba.

Ga abin da ya kama ni. Ranar 20 ga Agusta 2024, a Apiya babban birnin Samowa, an kara tsakanin Samowa da Banuwatu, ƙasashe biyu na tsibirai a tekun Fasifik, a wasan share fagen gasar duniya ta T20, wato gajeren nau'in kurket. Wani ɗan wasan Samowa mai suna Darius Visser ya tsaya gaban mai jifan Banuwatu, Nalin Nipiko, a oba ta 15, aka tara maki 39 a wannan oba ɗaya. Ba a taɓa yin haka ba a wasan ƙasa da ƙasa na T20. Shi kaɗai ya ci 132 a jifa 62, alhali gaba ɗaya ƙungiyarsa 174 ta tara. Banuwatu suka bi su har 164, suka faɗi da tazarar 10 kacal.

Tambayata ita ce, ƙasashe biyu da suka yi wasa mai zafi haka, me ya sa ba sa haɗuwa sai hukumar kurket ta duniya, ICC, ta kira su share fage ko an zo wasannin yankin Fasifik? Me zai hana Banuwatu ta shirya rangadi ta je Samowa ta yi wasa uku ko biyar, baɗi su ma su rama ziyara, kamar yadda Ingila da Ostireliya suke yi?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Yaya Abba, don Allah a fara da mu da ba mu san wasan ba. Mu nan Nijar kokowa da ƙwallon ƙafa muka sani. Mene ne oba, kuma ta yaya 39 ta zama abin mamaki?

Abban Sadiya:
Madalla da tambaya, ƙanena. Ka ɗauka mutum biyu ne suke fuskantar juna, ɗaya yana jefa ƙwallo don ya kaɗe wasu sanduna uku da aka kafa, ɗaya yana tsaye gabansu da faffaɗan katako yana kare su, yana kuma neman ya make ƙwallon ta yi nisa. Jifa shida shi ne oba ɗaya, kuma a irin wannan wasa kowane ɓangare oba 20 yake samu. Idan ka make ta ta tsallake igiyar bakin fili ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6 ke nan. Idan ta gangara ta fita, 4. In ba haka ba sai ku yi gudu tsakanin sandunan ku tara ɗai-ɗai.

To ka ga iyakar abin da jifa shida zai bayar 36 ne. Yuvraj Singh na Indiya ya yi shi a 2007, Kieron Pollard ya yi a 2021. Abin da ya kai ta 39 shi ne sau uku alƙalin wasa yana cewa jifan Nipiko ya saɓa ƙa'ida. Kowane irin wannan jifa ana ba abokan karawa maki ɗaya kyauta, sannan dole ka sake shi. Shida sau shida, ga uku na kyauta.

Akanta:
Malam Abba, ka san ba na ɓoye ra'ayina. Ni wannan lissafin tarihi bai gamsar da ni ba. Yuvraj a kan Stuart Broad, mai jifan Ingila, ya yi nasa, a gasar duniya, duniya tana kallo. Yaya za a rubuta wanda aka yi tsakanin ƙasashe biyu da jimillar mutanensu ba ta kai ta wasu ƙananan hukumomi biyu na Kano ba a saman nasa? Tun da ICC ta ce daga 1 ga Janairu 2019 duk wasan T20 na maza tsakanin membobinta na ƙasa da ƙasa ne, littafin tarihin ya cika da abubuwan da ba su da nauyi. An fitar da tsibirin Man gaba ɗaya, wato aka kori masu dukansu ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, da maki 10 kacal a hannun Sifaniya a 2023. Mu da kanmu a nan Najeriya, a Nuwamba 2024, mun ci 271 muka fitar da Kwaddibuwa da maki 7. Na yi murna a matsayina na ɗan ƙasa, amma ba zan ce wannan da wasan Indiya da Pakistan awo ɗaya ba ne.

Baba Malam:
Akanta, ɗana, na ji ka, kuma akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarka. Amma bari in tambaye ka. A ƙwallon ƙafa da Ostireliya ta ci Samowar Amurka 31 da nema a 2001, an ce ba za a rubuta ba? An rubuta, kuma wanda ya san ƙwallo ya san yadda zai auna shi. Littafi aikinsa ya riƙe abin da ya faru. Auna nauyi aikin mai karatu ne.

Ni na riƙe katakon kurket ina yaro a makarantar kwana, lokacin da manyan makarantun Arewa suke da fili da kaya. Ba mu taɓa zama gwanaye ba. Amma ranar da aka ce wata makaranta za ta zo mana wasa, sati biyu muke yi muna nome fili, muna jan abin daddale ƙasa mu huɗu, muna shafa farar ƙasa a layi. Ranar da babbar mota ta shigo da baƙi, har masu dafa abinci sai sun fito kallo. Wallahi ban tuna maki nawa aka ci a ko ɗaya daga cikin wasannin nan ba, amma ina tuna ƙarar motar a bakin ƙofa. Da aka daina kai ziyara, wasan bai shekara uku ba ya mutu. Ba wanda ya hana shi. Yaro ba ya atisaye kullum da rana in ya san ba wanda zai zo. Saboda haka tambayar Abba ita ce ainihin tambaya, ba ta littafin tarihi ba.

Akanta:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓi ta littafi. Amma ta ziyara fa, kuɗi ne. A duba taswira. Tsakanin Port Vila, babban birnin Banuwatu, da Apiya ya haura kilomita 2000 na ruwa zalla, ya ninka Kano zuwa Legas sau biyu, kuma ba motar da za ta bi. Mutum 14 na wasa, ga koci, ga mai kula da lafiya, ga manaja, ga jakunkunan kaya masu nauyi, a sauka wani wuri kamar Fiji a canza jirgi. Kamfanin jirgin saman Banuwatu ma da kansa ya durƙushe a watan Mayun 2024. In sun isa kuma wa zai sayi tikitin kallo, wane gidan talabijin zai biya kuɗin nunawa? Ingila da Ostireliya rangadinsu riba yake kawowa. Na waɗannan asara ce tun daga gida.

Wanda zai ce ai tsibiran Jersey da Guernsey da ke tsakanin Ingila da Faransa suna karawa kusan kowace shekara tun shekarun 1950, bana a nan baɗi a can, sai ya tuna su maƙwabta ne na kusa, jirgin ruwa yake kai su, kuma masu hali ne.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Ina bin ku a hankali daga wurin aiki, yanzu na samu sarari. Ni a Okalan ta Niyu Zilan nake aikin jinya, kuma da yawa daga abokan aikina 'yan Samowa ne da Tonga. Ina so in ƙara wani abu da ban ga an ambata ba. Mutanen Samowa suna da nasu kurket ɗin da suke kira kilikiti, kuma na gan shi da idona.

Wata abokiyar aikina ce ta gayyace ni wata Asabar a lokacin zafi, cocinsu za su kara da wani coci. Na zaci zan tarar da mutum 11 da fararen kaya kamar yadda ake gani a talabijin. Ina! Fili cike, maza da mata, kowa da zanen da suke ɗaurawa, kala ɗaya ga kowane ɓangare. Katakon dukan ba faffaɗa ba ne, doguwar gora ce mai gefe uku, ta fi mita ɗaya, an naɗe mariƙinta da igiyar ɓawon kwakwa. Saboda gefe ukun nan ko mai dukan bai san inda ƙwallon za ta nufa ba. Ita kuwa ƙwallon ta ƙaron itace ce da ake naɗawa da hannu, tana tsalle kamar me. Akwai wani dattijo mai usur a tsakiyar masu tsaron fili, duk lokacin da aka fitar da mutum sai ya busa, gaba ɗayansu su yi tsalle su juya su tafa a tare, waɗanda suke jiran layin duka kuma suna zaune a inuwa suna rera waƙa. Wata tsohuwa da ta kai sa'ar mahaifiyata ta make ƙwallo, wani jikanta ne ya yi mata gudun.

Da aka tashi aka baje abinci, gwaza da ayaba da kifi da madarar kwakwa. Sun san ba na cin naman alade, sai da aka ware mini tukunya daban tun daga gida. Masu masaukin ba su ci ba sai da baƙi suka ƙoshi. Na tambayi ƙawar tawa, ta ce a can gida haka ƙauye guda yake tashi ya je wani ƙauye, su kwana biyu ko uku ana wasa ana ci ana sha, suna kiran irin wannan tafiya malaga. To kun ga rangadin da Yaya Abba yake nema ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sun riga hukumar ICC saninsa.

Baba Malam:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan ya dace da abin da na karanta. Turawan Ingila ne suka kai wasan can wajen shekarun 1880, mutanen suka karɓe shi suka mayar da shi nasu, har ya zama ana kwanaki ana bugawa. Jamusawan da suka mulki ƙasar daga 1900 zuwa 1914 sun yi ta kafa dokokin taƙaita shi, don a ganinsu yana hana noman kwakwa da biyan haraji. Abin da mai mulki ya ɗauka ɓata lokaci ne, su a wurinsu zumunci ne, zumunta kuwa a ƙafa take.

Ɗan Damagaram:
Anti, da kike bayani sai na ga kamar kokowarmu ce. Gasar takobi a Nijar zagayawa take yi tsakanin jihohi takwas, bana Tawa, wata shekara Maraɗi ko Agadas ko nan Damagaram. Duk jihar da ta karɓi baƙi sai an gyara fili, masu abinci da masu masauki su samu, yara kuma su ga 'yan kokowar da suke ji a rediyo ido da ido. Da a ce Yamai kaɗai ake yi kullum, da ba ta kai haka ba. Amma gaskiyar Akanta, mu da mota muke zuwa.

Maman Biyu:
Ni kuma ku yi haƙuri, duk maganar maza kuke yi, alhali a tsibiran nan mata ne suka fi ɗaga tuta. Ina koyar da wasanni a makarantar 'yan mata, don haka nan idona yake.

Matan Samowa ne suka ci zinare a wasannin Fasifik na 2019 a gidansu. 'Yan matan da ruwa ya hana mu karawa da su a Kuching su ne tawagar Samowa ta farko, maza ko mata, da ta taɓa zuwa gasar kurket ta duniya. Afirka ta Kudu ta fitar da su da maki 16, na sani, Akanta zai kawo wannan. Amma yarinyar da ba ta taɓa fuskantar jifa mai irin wannan gudu ba, ta ina za ta koya in ba a wasa ba?

Ku dubi matan Banuwatu kuma. A 2023 suka doke Papuwa Niyu Gini wadda ta daɗe tana mamaye yankin, suka samu zuwa share fagen duniya a Abu Dabi. Sai da aka yi musu karo-karo a intanet kafin su sayi kayan wasa. Da yawansu aikin tsinkar 'ya'yan itace suke zuwa yi a gonakin Ostireliya, su yi atisaye bayan an tashi aiki. Ranar 25 ga Afrilu 2024 suka fitar da Zimbabuwe da maki 61, ƙasar da take cikin manyan membobi 12 na ICC, suka cinye wasan. Nasimana Navaika ita kaɗai ta fitar da mutum 4. Na nuna wa ɗalibaina hoton kyaftin ɗinsu Selina Solman, wata yarinya ta ce, Malama ai baƙa ce kamarmu. Tun ranar ba ta fasa fitowa fili ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne bayan irin wannan nasara sai a koma gida a zauna wata da watanni ba wasa. Ƙarfen da ya yi zafi sai a bar shi ya huce.

Akanta:
Malama, ban kawo 16 ba, kin riga ni. Kuma na yarda nasarar kan Zimbabuwe ta gaske ce, ba wanda zai rage mata daraja. Amma kin taimaki hujjata ba ki sani ba. Mutanen da sai an yi musu karo-karo kafin su sayi takalmi da safar hannu, su ne za su ɗauki nauyin rangadi? Kar a manta kuma da irin ƙasar. Guguwar Pam ta ragargaza ta a 2015, guguwa biyu suka bi juna a Maris 2023, girgizar ƙasa ta afka wa Port Vila ranar 17 ga Disamba 2024 aka rasa rayuka. Gwamnatin da take gyaran asibiti da gadoji ba za ka je mata da maganar tikitin 'yan kurket ba. Tsibirai kusan 80 ne, tara 'yan wasan cikin gida ma aiki ne.

Abban Sadiya:
Akanta, a nan nake jiranka, don kai mutumin lissafi ne. Ban ce gwamnatin Banuwatu ta biya ba. Kuɗin yana nan, rabon ne bai yi ba. A tsarin rabon kuɗin ICC na 2024 zuwa 2027, Indiya ita kaɗai tana ɗaukar kusan kashi 38 cikin 100, wajen dala miliyan 230 a shekara. Ƙananan membobi sama da 90, har da mu Najeriya da Samowa da Banuwatu, kusan kashi 11 suke rabawa a tsakaninsu. Na zauna a Indiya shekara huɗu ina karatu, a can na koyi wasan a hannun yaran unguwa da ƙwallon tanis, kuma na san su ne suke kawo yawancin kuɗin, ba na musu. Amma kuɗin da ake biyan ɗan wasa ɗaya a gasar IPL ta Indiya na wata biyu zai kai tawagar Banuwatu Apiya ya dawo da ita sau da yawa. Ba sadaka nake roƙa musu ba. Mai gona ne ya kamata ya ware iri.

Kuma bari in koma kan Nipiko, don shi ne dalilin da ya sa wasan nan ya zauna mini. Ka yi tunanin mutumin da aka yi wa wannan duka, sunansa ya zagaya duniya a kan abin da ba wanda yake so a san shi da shi. Wani da sai ya nemi lungu. Shi kuwa da lokacin dukansu ya yi, shi ya buɗe, ya tsaya ya ci 73, ya fi kowa a ɓangarensu, ya kusa kai su gaci. Jaridun duniya 39 suka ɗauka, ba su ɗauki 73 ba. A rangadi mai wasa biyar, jibi zai sake fuskantar Visser, gata ma haka, baɗi kuma a gaban mutanensa a Port Vila. A nan ake sanin waye waye. Tsarin da aka bi a 2024 mako guda ne a tara ƙasashe huɗu, Samowa da Banuwatu da Fiji da tsibiran Cook, a tashi, sai kuma wani share fagen.

Ɗan Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Ni ban san kurket ba sosai, amma na san zafin raina tsibiri. Mu da muke da kofin Afirka biyar, Kef Bad mai mutum wajen rabin miliyan ta sha gabanmu a rukuni ta tafi gasar duniya ta 2026. Yawancin 'yan wasansu a Turai aka haife su, Fotugal da Holan da Faransa. To na ji an ce Samowa ma ta ɗauko wani tsohon ɗan wasan Niyu Zilan. Wannan ba ita ce gajeriyar hanya ba? Maimakon kashe kuɗi a rangadi, a kira 'ya'yan da suke waje.

Anti Nas:
Ross Taylor kake nufi, ƙanena. Mahaifiyarsa 'yar Samowa ce, sunansa na farko ma Luteru ne, kuma yana da sarautar gargajiya a can. Ya buga wa Niyu Zilan manyan wasanni na kwana biyar har 112, ya yi ritaya a 2022, sannan a 2025 yana da shekara 41 ya dawo ya sa rigar Samowa a share fagen da aka yi a Oman. Ranar da aka sanar, a wurin aikinmu har da masu hawaye. Kada ka ɗauke shi haya. A wurinsu ɗa ne ya dawo gida. Samowa mutum dubu 200 da 'yan kai ne, kuma 'yan asalinta da ke nan Niyu Zilan sun kusa wannan adadi. Visser ma a Sidni ya tashi.

Maman Biyu:
Anti, ban ƙi ba, kuma ina girmama shi. Amma a Oman aka yi wasan, kuma duk da shi ba su samu gurbi ba, Nepal da Oman da Daular Larabawa ne suka wuce. Yaron da ke ƙauye a tsibirin Savai'i me ya gani? A waya ya gani, in akwai data. Da a Apiya Taylor ya buga wasa uku da Banuwatu, yaran makaranta su zauna a bakin igiya, ya sa musu hannu a katako, wannan ya fi amfani ga shekara goma masu zuwa. Kuma Banuwatu ba ta da irin waɗannan 'ya'ya a waje da yawa, nata na gida ne. Idan hanyar ci gaba ita ce kiran na waje kawai, ita an bar ta a baya ke nan.

Ina faɗin haka ne don na gani a wurin aikina. An taɓa kawo mana kayan kurket kyauta, jaka biyu, da alƙawarin za a haɗa mu wasa da wata makaranta a wata jiha. Yara suka yi wata huɗu suna fitowa bayan la'asar. Aka ce ba kuɗin mota, a jira zango mai zuwa. Zango ya zo ya wuce. Ranar da na buɗe sito bayan damina, gara ta cinye katako uku, safar ƙafa duk ta yi fumfuna. Yaran da suka fi iyawa sun gama sun tafi ba su taɓa karawa da kowa ba sai junansu. Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikinsu a kasuwa sai ta tambaye ni ko an je wasan.

Baba Malam:
Innalillahi. Wannan ita ce maganar da na faɗa ɗazu, ga ta a zamaninku. Allah ya saka miki, Malama.

Akanta:
Malama, wannan ya taɓa ni, kuma ba ni da amsarsa. Bari in sassauta, amma ba zan sauka gaba ɗaya ba. Rangadin ƙasa biyu zalla, har yanzu ina ganin lissafinsa ba zai fita ba. Abin da zai yiwu shi ne a riƙa haɗa uku ko huɗu a wuri ɗaya kowace shekara, maza da mata a tafiya ɗaya don a rage kuɗi, masaukin kuma ya riƙa zagayawa kamar takobin su Ɗan Damagaram. A kwana a makarantu ko ɗakunan coci maimakon otal, tunda Anti ta ce al'adarsu ce. Sannan a nuna a intanet. Ku tuna a Afrilun 2020, lokacin korona da duk filayen duniya suke rufe, wasan matan Banuwatu na cikin gida aka nuna kai tsaye a Facebook, mutane daga ƙasashe da yawa suka kalla don ba wani wasa a ko'ina. Ashe in an nuna, akwai masu kallo.

Abban Sadiya:
To ai ka zo inda nake, sai dai ka biyo ta bayan gida. Bambancinmu ɗaya ya rage. Ni ina son wasan da ba na neman gurbi ba, wanda koci zai iya jefa yaro ɗan shekara 17 ba tare da tsoron cewa kuskure ɗaya zai jawo zaman shekara biyu ba. Kuma yanzu da kurket zai koma wasannin Olamfik a Los Anjalas a 2028, karon farko tun 1900, ƙasashe shida-shida kawai za a ɗauka maza da mata. Ƙananan ba za su shiga ba, amma kwamitocin Olamfik na ƙasashensu za su fara kallon wasan a matsayin nasu. Wata ƙofar kuɗi ce.

Akanta:
Wannan sai mun gani. Ƙofa ce, amma masu layi a bakinta suna da yawa, kuma a Samowa zari-ruga ne sarki, shi zai fara shiga.

Ɗan Damagaram:
Yaya Abba, in za su sake karawa a Apiya, ƙarfe nawa zai kama a nan? Ina so in kalla ko sau ɗaya in ga wannan Nipiko.

Abban Sadiya:
Awa 12 ce tsakaninmu da Samowa, suna gabanmu. Wasan ƙarfe 10 na safiyar Talata a can, ƙarfe 10 na daren Litinin ne a Damagaram da Kano. In a Port Vila ne, awa 10 ce, sai ya kama sha biyun dare. ICC takan nuna wasannin share fage a shafinta. In lokaci ya yi zan sanar a nan.

Maman Biyu:
Yaya Abba, kafin nan ina da buƙata. Ka ce da ƙwallon tanis ka koya a Indiya. Katako biyu sun tsira daga garar nan, kuma ina da sababbin yara 'yan aji ɗaya. Yaya ake yi da ƙwallon?

Abban Sadiya:
Ki samu salatif ɗin masu gyaran wuta, fari ko ja, ki naɗe ƙwallon tanis da shi tsaf, kina ja yana kamawa, har gashin ya ɓace. Za ta yi nauyi kaɗan ta yi gudu, amma ba ta fasa yatsa, ba kya buƙatar safar hannu ko ta ƙafa. Ki sayi salatif da yawa don yana yagewa bayan 'yan obobi. Sanduna kuma ko bulo uku aka jera sun isa.

Baba Malam:
Malama, in kin haɗa su sun fara iya riƙe katako, ki yi mini magana ta gefe. Akwai wani tsohon ɗalibina da yake shugabantar makarantar 'yan mata, tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga garinku. Zan kira shi da kaina. Kuɗin man motar zuwa na farko ni zan biya, su kuma su zo muku a zango na biyu.

Maman Biyu:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ranar Litinin zan sayo salatif ɗin.